Shiyangci, Darar Sinawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar 'Ya'yanta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu fara koyon shiyangci, musamman waɗanda suka riga suka saba da ces, darar Turawa. Sunayen 'ya'yan wasan na ba su da Hausa gwargwadon ma'anarsu a Sinanci, ban da guda biyu da na ara daga fadar ƙasar Hausa, wato sarki da dogari, domin su suka fi dacewa da aikin da suke yi a kan allo.

1. Mene ne shiyangci, kuma su wa suke buga shi?

Wasan allo ne na mutum biyu, kowa da runduna mai 'ya'ya 16, ɗaya ja ɗaya baƙi. Abin da ake nema shi ne a rutsa da sarkin abokin karawa har ya rasa mafita. Da haruffan boko ana rubuta sunan Xiangqi, furucinsa kuma ya yi kusa da "shiyangci". A ƙasar Sin wasan kowa da kowa ne. Ana buga shi a gidajen shayi da wuraren shaƙatawa da bakin titi, 'yan kallo sun zagaye kowa yana tofa albarkacin bakinsa, kamar yadda ake taruwa a kan masu dara a gindin bishiya. Haka yake a Biyetnam, da duk inda Sinawa suka yi zango mai yawa, irin su Singafo da Malesiya.

2. Me ya sa 'ya'yan suke zaune a kan layi maimakon cikin gida?

Haka ƙa'idar take. Allon yana da layukan tsaye 9 da layukan kwance 10, kuma duk inda layi biyu suka haɗu nan ne gurbi. Gurabe 90 ke nan. Gidajen da suke tsakanin layukan ba a zama a cikinsu, shi ya sa ba a yi musu fari da baƙi ba.

Abu biyu ne aka zana a allon waɗanda babu su a ces. Na farko kogi, wani fili da ya raba allon biyu tsakanin layin kwance na biyar da na shida. Na biyu fada, gurabe tara a tsakiyar bayan kowace runduna, uku a tsaye uku a kwance, an ja mata layi biyu a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Kogin ba gurbi ba ne, taku ɗaya ake tsallake shi, kuma giwa da dakare kaɗai ya shafa, kamar yadda ya zo a tambaya ta 9 da ta 10. Fada kuwa sarki da dogaransa ba sa fita daga cikinta.

3. Yaya ake jera su kafin a fara?

A layin baya, daga gefe zuwa tsakiya: karusa, doki, giwa, dogari, sai sarki a tsakiya, sannan a maimaita jerin a ɗaya ɓangaren. Layi na biyu babu kowa. A layi na uku akwai igwa biyu, kowace tana saitin dokinta. A layi na huɗu dakaru biyar ne, ana tsallake gurbi ɗaya tsakanin kowane biyu, na tsakiya yana saitin sarki. Mai ja ne yake farawa, kuma a motsinsa na farko yana da zaɓi 44, alhali a ces 20 ne. Dalili shi ne dakaru biyar ba su toshe gaban runduna ba, hanyoyi a buɗe suke tun daga farko, saboda haka ba a daɗewa ake gwabzawa.

4. Ban iya karanta Sinanci ba. Yaya zan bambance su?

'Ya'yan faifai ne masu faɗi, girmansu ɗaya, harafin da ke kai ne kawai bambancinsu. Doki 馬 ne, ka lura da ɗigo huɗun da ke ƙasa kamar ƙafafu. Karusa 車 ce, kamar an hango keken doki daga sama. Igwa ana rubuta ta 炮 ko 砲, ta farko da alamar wuta a gefe, ta biyu da alamar dutse, domin asalin makamin majaujawar jifan dutse ce kafin zuwan albarushi. Sauran huɗun kowane ɓangare da harafinsa: sarki 帥 a ja 將 a baƙi, dogari 仕 da 士, giwa 相 da 象, dakare 兵 da 卒. Bambancin rubutu ne kawai, tafiyarsu ɗaya.

Akwai allunan da ake sa hotuna a maimakon haruffa, kuma yawancin manhajojin waya suna ba da wannan zaɓi. Shawarata ita ce a daure a koyi haruffan tun farko. Wasa kaɗan ido yake sabawa, kuma daga nan duk allon da ka tarar a ko'ina za ka iya zama a kansa.

5. Wace ce ta fi sauƙin koyo?

Karusa. Tana tafiya miƙe, gaba ko baya ko gefe, iya nisan da hanya ta buɗe, kuma tana cin abokin gaba na farko da ta tarar. A allon da babu kowa gurabe 17 take iya kaiwa daga duk inda take. Ita ce mafi ƙarfi a wasan, babu sarauniya irin ta ces da za ta sha gabanta. Sinawa suna cewa wanda ya yi motsi uku bai buɗe wa karusarsa hanya ba ya kama hanyar faɗuwa.

6. Doki ba irin na ces ba ne? Me ya sa aka ce ba zan iya zuwa wancan gurbin ba?

Inda yake sauka iri ɗaya ne da na ces, amma wannan dokin ba ya tsalle. Tafiyarsa kashi biyu ce: taku ɗaya miƙe, sannan taku ɗaya a karkace yana ƙara nisa. Idan akwai wani ɗa a gurbin takun farko, naka ne ko na abokin karawa, an dabaibaye dokin ta wannan fuskar, gurabe biyun da ke can sun haramta gare shi. Sinawa suna kiran wannan harɗe ƙafar doki. Abin da ke gurbin karkace kusa da shi ba ya hana shi komai, maƙwabcinsa na gaba ko baya ko dama ko hagu ne kawai yake zama dabaibayi.

Dubi dokinka tun kafin a fara. Giwa tana jikinsa ta ɓangaren tsakiya, don haka ba zai iya bi ta can ba, gurabe biyu kawai yake da su, duka a layi na uku. Idan ya fito zuwa wanda ke kusa da tsakiya, sai ya tarar da dakarensa a gaban hancinsa, ya sake shiga dabaibayi. Wannan shi ya sa gwanaye suke tura wannan dakaren gaba da wuri. Ba dakaren suke ji ba, dokin suke kwancewa.

Akwai abin da yake ba sabon shiga mamaki: doki biyu na iya tsayawa a saitin juna, ɗaya yana iya cin ɗaya, ɗayan kuma ba ya iya ramawa, saboda dabaibayin yana jikin ƙafar guda ne kawai. Haka kuma idan doki ya kai wa sarkinka hari, ba dole sai ka gudu ko ka cinye shi ba, kana iya sa dogari ko wani ɗa a gurbin ƙafarsa. A ganina duk wanda ya fara kallon ƙafar doki kafin ya kalli inda zai sauka ya fara fahimtar wasan nan, domin wannan ɗabi'ar ce zai buƙata wajen igwa da giwa da sarki ma.

7. Yaya igwa take ci?

Idan tafiya kawai za ta yi, tamkar karusa ce: miƙe, iya nisan da ta so, ba ta tsallake kowa. Idan ci za ta yi, dole sai ta tsallake ɗa guda ɗaya tak a kan layin, sannan ta faɗa kan na farko da ke bayansa. Wannan ɗan da ake tsallakewa Sinawa suna kiransa mazaunin igwa, ni kuma ina kiransa tsani. Tsanin yana iya zama naka, yana iya zama na abokin karawa. Nisa ba ya cikin lissafi: ko tsanin yana jikin igwa, ko yana jikin wanda za a ci, ko akwai gurabe da yawa babu kowa a tsakani, duk ɗaya ne.

Ƙa'idoji uku ne suke fita daga nan. Babu tsani, babu ci, ko da abokin gaba yana jikinta. Tsani biyu, babu ci. Kuma ba ta tsallake tsani ta sauka a gurbin da babu kowa.

Sakamakon haka, kare kai daga igwa ya saɓa wa abin da mai ces ya sani. Idan ta kai wa sarkinka hari kana iya janye tsanin idan naka ne, ko ka ƙara wani ɗa a layin su zama biyu. Sannan kowane motsi a kan allo yana iya kunna igwar da take kwance ko ya kashe wadda take kunne, ko da ba a taɓa ta ba. Mafi yawan 'ya'yan da masu koyo suke asara, da hannunsu suka kafa wa igwar abokin karawa tsani. Kafin ka ɗaga kowane ɗa, duba layukan da igwoyinsa biyu suke kai, na tsaye da na kwance, ka ƙirga abin da zai rage a tsakani.

8. Na ga igwata tana iya cin doki a motsin farko. In ci?

Ƙa'ida ta yarda. Igwar abokin karawa tana kan layi ɗaya da taka, dokinsa yana bayanta, saboda haka tsani ya samu. Sai dai karusarsa tana jikin dokin, nan take za ta cinye igwarka. Ka ba da igwa a lokacin da ta fi tsada, ka karɓi dokin da bai ko fito ba, kuma ka fito masa da karusa kyauta. Ban ba da shawarar haka ba. Tambaya ta 14 ta yi bayanin darajar kowanne.

9. Giwa da dogari fa? Kamar ba su da wani amfani.

Giwa tana tafiya taku biyu cif a karkace, ba ɗaya ba, ba uku ba. Idan akwai wani ɗa a gurbin tsakiya, an toshe mata ido, ba ta wucewa. Ba ta tsallake kogi, don haka a duk allon gurabe 7 kawai take iya takawa, kuma giwayen biyu gurabe ɗaya suke rabawa, shi ya sa suke iya tsare wa juna baya. Dogari taku ɗaya yake yi a kan layukan gicciye na fada, gurabensa 5: kusurwoyi huɗu da tsakiya.

Su huɗun nan masu gadi ne, kuma ba a sanin darajarsu sai an rasa ɗaya. Sinawa suna cewa wanda ya rasa giwa ya ji tsoron igwa, wanda ya rasa dogari ya ji tsoron doki. Tsarin da aka fi yi shi ne a ɗaga giwa ɗaya zuwa layin tsakiya, a sa dogari ɗaya tsakaninta da sarki, sai layin ya zama da 'ya'ya biyu, igwa ba ta da abin yi a kansa. Amma dogari yana iya zama sanadin mutuwar ubangidansa, kamar yadda za a gani a tambaya ta 16.

10. Dakare yana zama wani abu idan ya kai ƙarshen allo?

Ba ya zama komai. Kafin ya tsallake kogi taku ɗaya yake yi gaba. Bayan ya tsallake sai a ƙara masa taku ɗaya dama ko hagu, wannan ita ce duk ƙarin girman da yake samu. Ba ya komawa baya har abada, ba ya taku biyu a motsin farko, kuma yadda yake tafiya haka yake ci, wato wanda ke gabansa kai tsaye, ko na gefensa bayan ya tsallake kogi. Idan ya kai layin ƙarshe gefe kawai ya rage masa, Sinawa suna kiransa tsohon soja, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Don haka kada a yi gaggawar tura shi. Inda ya fi cizo shi ne bakin fada, musamman idan su biyu ne kafaɗa da kafaɗa suna kare juna.

11. Me ake nufi da cewa sarakuna ba sa kallon juna?

Sarki yana tafiya taku ɗaya miƙe, gaba, baya ko gefe, a cikin gurabe tara na fada. Ba ya bin layukan gicciye. Ƙa'idar da ta bambanta shi ita ce: haramun ne sarakunan biyu su kasance a kan layin tsaye ɗaya ba kowa a tsakaninsu. Duk motsin da zai haifar da haka ba ya halatta, ko sarkin ne ya taka zuwa layin, ko wani ɗa ne ya kauce daga tsakani.

Wannan ya mai da sarki mayaƙi yana zaune a gidansa. Idan ɗa ɗaya ne ya rage tsakanin sarakunan, an ɗaure shi, ba zai iya barin layin ba. Idan kuma sarkinka ya riƙe layin tsakiya babu kowa a kai, sarkin abokin karawa da ke gefen fada ba zai iya dawowa tsakiya ba. Kawo karusa kan layin da yake, wasa ya ƙare, in dai ba shi da abin da zai tare ta da shi: gefe ɗaya bangon fada ne, ɗaya gefen idon sarkinka ne. A ƙarshen wasa, wanda ya riga kama layin tsakiya da sarkinsa kamar ya ƙara karusa ne.

12. Idan abokin karawa ba shi da motsi amma ba a kai wa sarkinsa hari ba, kunnen doki ne?

A'a. A ces kunnen doki ne, a shiyangci wanda ya rasa motsi ya faɗi. Hanyoyin cin wasa biyu ke nan: a kai wa sarki harin da ba shi da magani, ko a ƙure rundunar duka ta rasa inda za ta taka. Ba a kuma yarda mutum ya ce ya yafe motsinsa ba. Ana yin kunnen doki idan ɓangarorin biyu sun amince, ko idan babu mai sauran abin da zai iya kashe sarki da shi, ko idan aka daɗe ana zagaye ba a ci kowa ba. A dokokin gasar ƙasar Sin iyakar wannan zagayen motsi 60 ne ga kowane ɓangare.

13. Zan iya yi ta kai wa sarki hari ba tsayawa don in tsira da kunnen doki?

Ba a yarda ba. Mai maimaita hari ga sarki dole ya sauya motsi, in ya ƙi shi ya faɗi. Haka kuma ba a yarda a yi ta bin ɗa guda wanda ba shi da kariya ba, yana gudu ana binsa, allo yana komawa yadda yake. An sassauta wa sarki da dakare, su suna iya bin wani ɗa a kai a kai. Idan ɓangarorin biyu suna maimaitawa ba wanda ya karya doka, ko duka sun karya iri ɗaya, sai a raba kunnen doki.

Nan ne wuri mafi sarƙaƙiya a dokokin wasan, kuma dokokin hukumar ƙasar Sin da na tarayyar Asiya sun saɓa a wasu rassa. Masu wasa a gida su yi yarjejeniya kafin a fara: ba maimaita hari ga sarki, ba maimaita bin marar kariya. Wannan ya wadatar a kusan kowane wasa.

14. Igwa ta fi ko doki?

Ƙiyasin da aka saba koyarwa shi ne: karusa 9, igwa 4 da rabi, doki 4, giwa 2, dogari 2, dakare 1 kafin kogi 2 bayansa. Amma lambobin igwa da doki ba sa zama wuri ɗaya. A farkon wasa allo cike yake, tsani ko'ina, dabaibayi ma ko'ina, saboda haka igwa tana kan gaba. Yayin da 'ya'ya suke raguwa tsani yana ƙaranci, ƙafar doki tana sakewa, sai ma'auni ya juya. Abu ɗaya ne yake ƙarfafa wannan ya raunana wancan, wato cunkoso. Idan za ka yi musaya, dubi yawan abin da ya rage a allo tukuna. Kuma doki ɗaya da igwa ɗaya sun fi doki biyu ko igwa biyu haɗa kai a mafi yawan lokuta.

15. Da wane motsi ya kamata in fara?

Mafi shahara shi ne a ja igwar dama zuwa layin tsakiya. Dakarenka na tsakiya ya zama tsani, dakarensa na tsakiya yana cikin haɗari nan take. Amsar da aka saba ita ce ya fito da doki ya kare shi, daga baya ya fito da na biyun, su biyun suna gadin dakaren tsakiya, tsarin da ake kira dawakin labule. Kai kuma sai ka fito da dokin dama, ka turo karusa kan layin da igwar ta bari.

Me zai faru idan bai kare dakaren ba? Igwarka ta cinye shi ta tsaya tana kallon sarkinsa ba kowa a tsakani. Ba hari ba ne, tunda babu tsani, amma ya fi hari muni. Dogaransa ba su da gurbin zuwa sai tsakiyar fada, kuma duk wanda ya taka nan ya zama tsani, don haka ba su da motsi. Giwayensa ma ba za su iya hawa tsakiya ba. Gadinsa duka ya sandare, kai kuma duk ɗan da ka kawo kan layin ya zama hari. Sinawa suna kiranta igwa mai wofin kai, kuma mai koyo ya yi duk abin da zai iya kada a kafa masa ita.

Akwai buɗewa masu sanyi, kamar ɗaga giwa zuwa tsakiya, ko tura dakaren gaban doki a ga abin da abokin karawa zai yi. Na fi son mai koyo ya fara da igwar tsakiya, domin ita take saurin nuna masa yadda 'ya'yan suke aiki tare.

16. Waɗanne hanyoyin kashe sarki ne ya kamata in fara sani?

Ban da na karusa da idon sarki da ke tambaya ta 11, ga uku. Igwa bayan doki: doki ya tsaya a layi ɗaya da sarki, gurbi ɗaya a tsakaninsu, igwa tana bayansa. Dokin shi ne tsani, kuma shi ne ya tsare gurabe biyun da sarki zai kauce zuwa gare su. In babu dogarin da zai shiga tsakani, an gama.

Igwa biyu a layi ɗaya: ta gaba tsani ce ga ta baya. Idan ya sa wani ɗa tsakanin sarki da ta gaba, ya kashe ta baya amma ya kunna ta gaba. Mafitarsa ita ce sarki ya bar layin, ko a cinye ta baya, ko a shiga tsakanin igwoyin biyu.

Ta uku ita ce shaƙewa a fada. Sarki yana mazauninsa, dogari ɗaya a gabansa, ɗaya a gefensa. Igwa ta sauka a layin baya a mazaunin giwa, jikin dogarin gefe. Dogarin ya zama tsani kuma ba zai iya kaucewa ba, saboda ɗan'uwansa ya cike gurbin da zai je. Sarki ba zai hau gaba ba, in ya matsa gefe yana nan a kan layin. In babu wanda zai cinye igwar, wasa ya ƙare da runduna cike a allo.

17. Yaya ake rubuta motsi?

Kowane ɗan wasa yana ƙirga layukan tsaye 1 zuwa 9 daga damansa zuwa hagunsa, don haka layinka na 2 shi ne na 8 a wajen abokin karawa. Ana faɗin sunan ɗa, da layin da yake, da inda ya nufa, gaba ko baya ko gefe, sai lamba. Buɗewar tambaya ta 15 ita ce "igwa 2 gefe 5". Ga masu tafiya miƙe, lambar da ke bin gaba ko baya yawan taku ce. Ga doki da giwa da dogari, layin da suka sauka ne, misali "doki 2 gaba 3".

18. Mene ne rubutun da ke cikin kogi, kuma daga ina wasan ya samo asali?

Ma'anar rubutun ita ce Kogin Chu, Iyakar Han. Yana tuna yaƙin da aka yi tsakanin Xiang Yu na Chu da Liu Bang na Han daga shekara ta 206 zuwa 202 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin yaƙin sun taɓa raba ƙasa a wata mashigar ruwa da ke yankin Xingyang a lardin Henan na yau, kafin Liu Bang ya yi nasara ya kafa daular Han. Wasan kansa a siffar da muka sani ya zauna ne a zamanin daular Song ta Kudu, 1127 zuwa 1279.

Masana tarihi da yawa suna ganin tushensa ɗaya da caturanga na Indiya, wanda ya zama shaɗaranj a hannun Farisawa da Larabawa, wasu masanan Sin kuma suna cewa a gida aka haife shi. Kamannin dai a fili suke: a shaɗaranj ma akwai giwa mai taku biyu a karkace, sai dai ita tana tsallake abin da ke tsakani, akwai kuma mashawarcin sarki mai taku ɗaya a karkace kamar dogari. Igwa da kogi ba su da takwara a can.

19. Ana gasa a kansa?

Ana yi sosai. Gasar ƙasa ta Sin ta fara a 1956, Yang Guanlin ne ya fara lashe ta. Hu Ronghua na Shanghai ya ci a 1960 yana ɗan shekara 15, ya riƙe kambun sau goma a jere har 1979, ya kuma ci na 14 a shekarar 2000. An yi gasar duniya ta farko a Singafo a 1990, aka kafa tarayyar duniya ta wasan a 1993, kuma ya shiga wasannin Asiya da aka yi a Guangzhou a 2010.

20. Na ga allon Koriya mai kama da wannan. Wasa ɗaya ne?

Ɗan'uwansa ne, sunansa janggi, amma kada ka shiga da dokokin nan. Babu kogi. Sarki yana farawa a tsakiyar fada. Dakaru suna tafiya gefe tun daga farko. Giwa tana yin taku ɗaya miƙe da biyu a karkace, tana yawo ko'ina a allo. Igwa sai da tsani take motsi ko da ba ci za ta yi ba, kuma ba ta tsallake igwa ba ta cin igwa. An kuma yarda mutum ya yafe motsinsa.

21. Na rage da karusa ɗaya, shi kuma dogarai biyu da giwaye biyu. Zan iya ci?

Idan ya jera su daidai, kowa yana kare ɗan'uwansa, kunnen doki ne. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya faɗi, karusa tana ci. Saboda haka abin da za ka nema shi ne lokacin da giwayen suka rabu ko aka toshe wa ɗaya ido, ka kai hari biyu a motsi ɗaya.

Sauran ƙarshen wasa da ake yawan tambaya: doki ɗaya yana cin sarki mai dogari ɗaya. Dakare ɗaya da bai kai layin ƙarshe ba yana cin sarkin da ya rage shi kaɗai, da taimakon idon sarkinka, sau da yawa ta hanyar ƙurewar da ke tambaya ta 12. Igwa ita kaɗai ba ta iya kashe sarki, amma idan kana da dogari ko ɗaya, ka dawo da ita gida ka sa ta a bayan dogarin, ya zama tsaninta. Daga cikin fadarka za ta riƙa harbi zuwa fadarsa, kuma igwa da dogari ɗaya suna cin sarki mai dogarai biyu.